Haɗa Shuka Ba Ƙauyanci Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka kira haɗa shuka a fili ɗaya ƙauyanci, wai manomin rani ya rungumi tumatir zalla. Da gani a inuwar ofis ka rubuta shi.

Ina kake a 2016, da tsutsar nan sharon ta lashe tumatirin Kadawa har masana'antar Ɗangote ta tsaya cik? A nan Bunkure, wanda ya dasa albasa a gefen fangali, ya jera masara a kan kunya, shi ya samu na cefane, domin sharon ba ta cin albasa. Ban ruwa ɗaya daga Tiga ya ishe su duka.

Mai ɗan filin da bai kai eka ba, ranar da kwandon tumatir ya faɗi warwas a kasuwa, kai za ka biya masa bashin taki?