Ilimin Mutum-mutumi: Wa Ke Biya, Wa Ake Wa Aiki?

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta cika bakin 'yan boko irin ta haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i da manyan kamfanoni domin koyar da ƙera mutum-mutumi da na'urori masu sarrafa kansu, wato irin su jirgi maras matuƙi, da motar da ke tuƙa kanta, da injin da ke aiki a masana'anta ba hannun ɗan Adam. Ko a nan gida, gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar wannan fanni a Abuja a shekarar 2020, ƙarƙashin hukumar NITDA. 'Yan'uwa matasa da dama suna tambaya: shin mu shiga a dama da mu, ko kuwa mu ƙaurace? Amsarmu ita ce a shiga, amma a san wanda ke biyan kuɗin karatun, a kuma san abin da yake nema. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bari mu duba inda abin ya yi ƙarfi, wato Amurka. A shekarar 1979 Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh ta kafa cibiyarta ta nazarin mutum-mutumi da tallafin kamfanin Westinghouse. Cinikin a fili yake: kamfani ya kawo kuɗi da kayan aiki, jami'a ta kawo malamai da hazikan ɗalibai, abin da aka gano kuma ya koma masana'anta. Ba mu musun cewa ɗalibai sun amfana, domin sun koyi aiki da hannunsu a kan injuna na gaske, ba a allo kawai ba.

To amma akwai hannu na uku a cikin wannan ciniki, shi ne na soja. Majalisar dokokin Amurka ta sa wa rundunar ƙasar burin cewa kafin 2015 kashi ɗaya cikin uku na motocin yaƙinta su zama marasa direba. Saboda haka hukumar binciken kayan yaƙi ta ma'aikatar tsaro, wadda ake kira DARPA, ta sa gasar motoci masu tuƙa kansu a cikin hamada. A 2004 ba motar da ta kai ƙarshe, wadda ta fi nisa ma ba ta wuce kilomita 12 ba. A 2005 motar Jami'ar Stanford, tare da kamfanin Volkswagen, ta cinye kilomita 212 ta karɓi dala miliyan 2. A 2007 kuma Carnegie Mellon da kamfanin General Motors suka ci gasar tuƙi cikin gari. Ɗalibai suna murna sun ci gasa, alhali kuwa wanda ya sa gasar ya san abin da yake kiwo.

Ita kanta jami'ar ba ta tsira daga abokan cinikinta ba. A 2015 kamfanin Uber ya shelanta ƙawance da Carnegie Mellon, sai ga shi a cikin shekarar ya kwashe masana kusan 40 daga cibiyarta ta hanyar ninka musu albashi. Wannan fa jami'a ce mai dukiya a ƙasa mai dukiya. In an yi mata haka, ina ga tamu?

Mu dubi halin da namu jami'o'in suke ciki. A 2022 malamai sun yi wata takwas suna yajin aiki. Ɗakunan gwaje-gwaje da dama ba wuta, ba kayan aiki. Masaƙun Kakuri a Kaduna da yawancin masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, waɗanda su ne ya kamata a ce ana haɗin gwiwar da su, sun daɗe da durƙushewa. Ke nan duk kamfanin da zai zo da kuɗi a wannan fanni, galibi daga waje zai zo. Mayunwaci kuwa ba ya taya ciniki, abin da aka miƙo masa shi yake karɓa. Tsoronmu shi ne a maimaita abin da 'yan mulkin mallaka suka yi, lokacin da suka buɗe makarantu domin samun akawu da tafinta: a koya wa yaranmu danna na'ura da goge mata ƙura, sirrin ƙera ta kuwa yana can ƙetare, wanda ya yi fice a cikinsu kuma a yi masa biza a tafi da shi.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta nesa. A jihar Kaduna kaɗai mun ga fuska biyu ta wannan ilimi. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara da ƙananan jirage marasa matuƙi. A daren 3 ga Disamba, 2023 kuma, jirgi maras matuƙi na sojan Nijeriya ya saki bom a kan masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, aka rasa aƙalla mutum 85, ciki har da mata da yara, rundunar ta ce kuskure ne. Wannan fa da mutum a zaune yana kallon allo kafin ya danna. To yaya za ta kasance ranar da aka bar wa na'ura ita kaɗai hukuncin wanda za a kashe? Wa za a kama? Wa zai amsa tambaya gobe kiyama? Na'ura ba ta da hisabi, wanda ya ƙera ta da wanda ya aike ta su ke da shi.

Duk da haka ba mu ce a gudu ba, domin gudu shi ne ya bar mu muna sayen abin da ba mu san cikinsa ba. Wannan ilimi ba baƙon Musulmi ba ne. A shekarar 1206 Miladiyya, injiniya Al-Jazari ya kammala littafinsa a garin Diyarbakir, inda ya bayyana na'urori kusan 50, har da agogunan ruwa, da injunan ɗaga ruwa zuwa gona, da na'urar zuba ruwan wanke hannu. Malamanmu sun bayyana cewa duk sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita, koyonta farilla ce ta kifaya: in ba wanda ya tsaya mata, kowa ya yi laifi.

Kuma mai ilimi yana da ikon cewa a'a. A 2018 ma'aikatan Google fiye da 3,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da aikin da kamfanin ke wa ma'aikatar tsaron Amurka na tantance hotunan jirage marasa matuƙi, har kamfanin ya ce ba zai sabunta wannan kwangila ba. A shekarar dai, masana fiye da 50 daga ƙasashe daban-daban suka yi barazanar ƙaurace wa jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu saboda ƙawancenta da kamfanin makamai na Hanwha, sai da shugabanta ya yi alkawarin ba za su ƙera makamin da ke kisa ba tare da ikon mutum ba. In waɗannan sun iya tsayawa, mai tsoron Allah shi ya fi cancanta. Amma a lura, an saurare su ne don sun iya aikin. Jahili ko ya yi ihu ba mai waiwayarsa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'i da kada su sa hannu a wata yarjejeniya a ɓoye. A bayyana wa malamai da ɗalibai wanda zai mallaki abin da aka ƙirƙiro, da inda za a yi amfani da shi, da kuma ko za a koyar da ƙerawa ko kuwa haɗawa kawai. A kuma sa buƙatun talaka a gaba: ban-ruwan noman rani, feshin gona, kai jini asibitin ƙauye.

Ku kuma 'yan'uwa matasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke sakandare ya riƙe lissafi da kimiyya da hannu biyu, domin su ne ƙofar. Wanda ke jami'a ko kwalejin fasaha ya koyi lantarki da rubuta umarnin kwamfuta, kada ya tsaya ga haddar takarda. Mai gyaran waya da mai naɗin janareta kada su raina kansu, rabin hanyar suke. Kada kuma ɗayanku ya bar karatun addini saboda wannan, don shi ne zai gaya maka aikin da za ka karɓa da wanda za ka mayar, ko nawa ne ladan.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare hannuwanmu daga taimakon zalunci. Amin.