Kasuwa ta koma cikin waya: mi Madarunfa ta shirya?



Shekara da shekaru abin da muke tinƙaho da shi shi ne iyaka. Kayan da ke tashi daga Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa suke bi, kuma a nan mai canji, ɗan dako da mai abinci ke samun na tuwo. To, wanga gata ya fara suɓuce mana.

Yau alhaji na zaune a Yamai, a turo masa hoton kaya ta WhatsApp, ya yi ciniki, ya aika kuɗi ta Nita ko Amana. Mota za ta wuce ta gabanmu, amma ofis da ma'aikata da riba suna can. Haka abin yake har a Amurka: a ƙarshen 2020 kamfanin Oracle ya kwashe hedkwatarsa daga Kaliforniya zuwa Teksas, bayan ya bai wa ma'aikatansa damar zaɓen inda za su zauna su yi aiki. Wanda aikinsa ke cikin waya ba ya tambayar kusancin iyaka. Tambayarsa uku ce: akwai kuran? Akwai rezo? Zan kwana da ido biyu rufe?

Mun ga darasin a kusa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda ɓarayin daji, masu sana'ar waya suka tsaya cik. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda ya dogara da iyaka kaɗai ya san yadda ya ji a jikinsa.

Amma wannan sauyi ba asara ce kawai ba. Hayar ɗaki a nan ba ta kai ta Maraɗi ba. Muna da kifin tafki, muna da kayan lambun Jiratawa, muna da yaran da suka gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna zaune ba aiki. Starlink ma ta shigo Nijar tun 2025.

Don haka kira nake ga hukumomin gari: a buɗe wuri ɗaya mai wutar hasken rana da intanet, inda matashi zai biya kaɗan ya yi aikinsa. A sassauta fatanti ga mai fara sana'a. Uwa uba, a tsare hanyoyin Gabi da Safo, don babu mai kawo jarinsa inda ake satar mutane.

Ku kuma alhazanmu da ke waje, in aikinku na tafiya ta waya, mi zai hana ku ɗauki yaro ɗaya a gida ya riƙa yi muku lissafi?

Allah ya ba mu zaman lafiya.