Ina ungulayen kasuwarmu suka tafi?

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwanmu ƴan kasuwa maza da mata, yau za mu yi magana bisa wata maƙwabciya da muka daɗe muna zaune da ita, muna zaginta, yaranmu na jifarta, har ta ɓace ba mu ankara ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda mahautar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa take da hantsi a da. Ungulaye bisa katanga, ungulaye bisa kuka da tsamiya, suna jiran masu fawa su watsar da abin da ba a so. In jaki ya mutu bayan gari da safe, kafin la'asar sai ƙashi. Yau mutum sai ya yi wata yana zuwa kasuwa bai ga ko guda ba, kuma yaran da ke tasowa ba su san ta ba sai a karin magana, in an ce ungulu ba ta jewar banza.

Wani zai ce zancen tsofaffi ne, masu ganin komai na da ya fi na yau. To akwai ƙidaya. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota na Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama, sannan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Abin da ya tarar shi ne manyan ungulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wuraren da ba gandun dajin hukuma ba. Wato inda a da ake ganin ɗari, saura biyu. A shekara ta 2015 kuma ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa irin ungulu huɗu na Afirka cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa, har da wannan ƴar ƙarama mai jan wuya da muka saba gani cikin gari.

Me ya cinye su? A wannan shekara ta 2015 wasu masana sun tattara labarin ungulaye sama da 7,800 da aka samu a mace cikin ƙasashe 26 na Afirka. Kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu a yi magani, kashi 9 kuma wayoyin wutar lantarki. Akwai wasu dalilan da kowa ke gani da idonsa, kamar sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, da ƙarewar namun dajin da suke cin mushensu. Amma a nan yammacin Afirka babban abin da ke jan hankali shi ne wannan kashi na biyu, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye, domin cikin kasuwa ake cinikin.

Ku zagaya layin masu maganin gargajiya ranar kasuwa, can inda ake shimfiɗa fatun damo da kawunan biri da ƙayar beguwa. A da, kan ungulu da fukafukinta da ƙafarta a fili ake baza su. Yanzu da aka fara magana, wasu sun mayar da su cikin buhu, sai wanda ya san hanya ya tambaya a ɗauko masa. Kuma da yawa daga kayan ba a nan suke tsayawa ba, iyaka suke ƙetarawa zuwa manyan kasuwannin Najeriya, inda ungulu ta riga ta yi ƙaranci, kuɗinta kuma ya hau. Akwai labarin da ya bazu har Turai. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata ƴar farar ungulu na'urar da ke nuna inda take, suka sa mata suna Paschalis. Ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada, ta sauka jahar Damagaram don ta wuce lokacin sanyi. A farkon 2014 na'urar ta nuna tsuntsuwar ta daina motsi, kuma da aka bi sawu aka gano wani maharbi ne da ya shigo daga Najeriya don farautar ungulu ya kashe ta. Dubban kilomita ta yi lafiya, a hannunmu ta ƙare. A Guinea Bissau kuwa, a 2020, ungulaye fiye da 2,000 aka kashe da guba cikin ƴan makonni, da yawansu an same su ba kai.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Maharbi ba ya harbin abin da ba a saye. Su wa ke neman kan ungulu? Akwai masu neman kujerar siyasa, akwai ƴan caca, akwai masu neman warakar taɓin hankali. Amma cikin masu sayen nan akwai mu, masu neman maganin kasuwa: mai shago da ke son jama'a su yi masa dafifi kamar yadda ungulaye ke taruwa bisa mushe, da mai sayar da abinci da aka ce mata ta binne wani ƙulli ƙarƙashin murhu don ta fi maƙwabciyarta ciniki. Ba mu ce kowa ba, amma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya ji irin wannan raɗa. Mu dai ba mu taɓa ganin wadda kan tsuntsu ya gyara wa miya ba, kuma malamanmu sun sha faɗin hukuncin mai dogara da irin wannan. Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, da yawa daga ungulayen nan da guba ake kama su, irin maganin ƙwari na gona da ake barbaɗawa bisa nama. Wanda aka daka wa wannan kai aka ce ya sha ko ya yi hayaƙi, bai san me ya shiga cikinsa ba. In ana neman ungulu da kan zabo, ga ta nan.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin riba da uwar kuɗi. Ungulu ƙwai guda take yi a shekara, ɗan da ta ƙyanƙyashe kuma sai ya yi wajen shekara biyar kafin shi ma ya fara haihuwa. Zabuwa ko kaza in an yanka goma, kafin damina ta zagayo wasu sun maye. Ungulu in aka zuba guba bisa mushen saniya guda aka kashe hamsin a yini ɗaya, aikin shekaru masu yawa ne ya tafi. Wannan ciniki uwar kuɗi yake ci, kuma tun da kaya na ƙara wuya kuɗinsu na ƙara hawa, sai maharbi ya ƙara nisa cikin daji neman ragowar.

Ba masu magani kaɗai ke da hannu ba. Makiyayin da dila ko kura ta kashe wa akuya, in ya ji zafi ya zuba guba bisa mushen, sau da yawa ungulaye ne ke fara sauka kafin dilar ta dawo. Haka nan in hukumar gari ta sa guba don rage karnukan da ba su da masu su, ba a kwashe gawarwakin ba, duk abin da ya ci su shi ma ya tafi.

To, in ungulu ta ƙare, me muka yi asara? Mummunar tsuntsuwa ce mai wari, in ji wasu. A tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1980 suna da ungulaye miliyoyi barkatai, su ke share musu mushen shanu, tun da yawancin mutanen can ba su cin naman saniya. Cikin shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diklofenak, wanda duk mai sayen ƙwayoyi wurin masu tallar magani a faranti ya san sunansa. Ashe in ungulu ta ci mushen dabbar da aka yi wa wannan allura, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin kwanaki. Kafin a gane a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen sun ƙare. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan kan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Dalilin kuwa a cikin tumbinta yake. Ruwan cikin ungulu yana da ƙarfin da ke narkar da ƙwayoyin cuta, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. Abin da ta ci ya ƙare ke nan. Kare da ɓera da ƙuda kuwa, su ci can su shigo mana gida, su sauka bisa tiren nama da ƙwaryar nono da kaskon ƙosai. Mu da ke ƙasar makiyaya, inda duk shekarar fari ake asarar dabbobi ba adadi a bakin rijiyoyi, wace ma'aikatar magajin gari ke da motocin kwashe wannan mushe? Ungulu na yin aikin kyauta, ba ta taɓa neman ko dala ba.

Mun riga mun ɗanɗana irin wannan da jaki, ko da yake shi ba naman daji ba ne. Lokacin da masu sayen fata don kai wa ƙasar Sin suka shigo, jakunan da aka fitar daga Nijar sun tashi daga 27,000 a 2015 zuwa 80,000 tun 2016 ba ta ƙare ba. Kuɗin jaki ya ninka har ya fi ƙarfin mai amalanke da matar ƙauye mai ɗaukar ruwa da itace, sai da gwamnati ta hana fitar da su a wannan shekarar. A watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ita ma ta hana yanka jaki don fatarsa. Dillalai ƙalilan suka ci riba, sauran jama'a suka biya.

Amma abin bai fi ƙarfinmu ba, kuma shaidar tana ƙasarmu. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk yammacin Afirka. Aka tsananta hana farautarsu, aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, aka ba su ƙananan basussuka da rijiyoyi don su haƙura da ɓarnar da dabbobin ke yi musu a gonakin wake, samari suka samu aikin yi wa baƙi jagora. Kafin 2018 sun haura 600, har aka ɗauki 8 a mota aka kai gandun dajin Gadabeji da ke Dakoro cikin jahar Maraɗi. Harin da aka kai Kure a watan Agusta na 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ya karya kasuwar baƙi masu yawon buɗe ido, amma bai shafe abin da aka gani ba: manomi ya bar dabbar ta rayu ne saboda an zauna da shi an dubi asararsa.

Doka ma akwai ta. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta sa ungulu cikin dabbobin da aka hana kashewa ko sayarwa kwata-kwata. Sai dai ma'aikatan gandun daji nawa ne, kuma kasuwannin ƙauye nawa ke ci kowane mako tsakanin Birnin Ƙonni da Gure? Ga matsalar tsaro da ta janye hankalin hukuma, ga taimakon ƙasashen Turai da aka dakatar da yawansa bayan juyin mulkin Yuli 2023. Wanda ke jiran Bature ya zo ya ceci ungulu zai daɗe yana jira.

Ba kuma za mu ɗauki maharbi da mai magani mu mayar da su abokan gaba ba. Sana'a ce ta gado, mai ita yana da iyali, kuma wanda gonarsa ba ta ba shi abincin wata huɗu ba, in aka nuna masa jikkuna don kan tsuntsu, da wuya ya kau da kai. Ƙungiyar Sahara Conservation, wadda ke lura da sheƙunan ungulu a duwatsun Kutus na yankin Gure, ta bi ta wannan hanya: zama da maharba da masu magani da sarakunan gargajiya a jahohin Maraɗi da Damagaram. A Najeriya ma an yi irin wannan zama, inda masu maganin da kansu suka kawo sunayen itatuwa da saiwoyin da suke cewa suna maye gurbin sassan ungulu. A ganinmu wannan ta fi kame da tara, don wanda aka kama yau gobe sai ya ƙara ɓoye buhunsa.

Saura namu. Kowace kasuwa tana da sarkinta, masu fawa na da sarkinsu, mata na da shugabanninsu na adashi, kuma mun sha ganin an kori mai mudun zamba ko mai naman mushe daga rumfa ba tare da an kira jandarma ba. Yadda aka iya wannan, ana iya cewa ba a baza kan ungulu a layinmu. Masu sayar da maganin ƙwari na gona su riƙa tambayar wanda ya zo saye da rani tsaka, lokacin da babu shuka a ƙasa, me zai yi da shi. Masu sayar da maganin dabbobi su daina miƙa wa makiyayi diklofenak don saniyarsa, tun da akwai wani mai suna meloksikam da aka gwada a Indiya aka ga ba ya kashe ungulu. Magadan gari kuma, in har sai an sa wa karnuka guba, to a tanadi amalanke da rami tun kafin a fara, a kwashe gawarwakin a binne su ran nan kafin hantsi.