Ku Daina Cewa Mutane "Yi chmod 777 Kawai"

Jama'a, yau dai sai na faɗa, ko da wani zai ji haushi. Wannan shawarar ta "yi chmod 777 kawai" tana cutar da mutane, kuma masu ba da ita yawanci ba su san me take yi ba.

Wani abokina ya maida tsohuwar kwamfutarsa sabar gida. Ya sa mata Ubuntu da Samba, ya jona faifan ajiya na waje, duk wayoyin gidan suna tura hotuna can ta Wi-Fi. Sai matsala ta taso: hoton da ya ajiye, matarsa ba ta iya gyarawa ko matsar da shi. Wani "masani" ya ce ya yi 777, ya kuma buɗe foldar ga baƙo ba kalmar sirri. Matsalar ta dawo bayan kwana biyu, amma ƙofar ta zauna a buɗe. Yaron gidan ya shiga da wayar mamansa ya goge foldar hotunan biki. Abin da aka goge ta Samba ba ya zuwa kwandon shara sai in ka kunna masa wannan da kanka. Ya zo shagona ido jajir, kuma ba duka muka iya dawo da su ba.

Me 777 ke nufi? Lamba ta farko mai fayil ne, ta biyu rukuninsa, ta uku kowa da kowa. 4 karantawa, 2 rubutawa, 1 tafiyarwa, ka haɗa su 7. Wato ka miƙa wa kowa makullin ɗakinka. Kuma chmod fayilolin da suke nan yanzu kawai yake taɓawa. Wanda za a ajiye gobe ba ruwansa da shi. Shi ya sa kake ganin kamar izinin yana "komawa" da kansa. Ba aljani ba ne, akwai wanda yake saita shi, shi za ka nemo.

Na farko, duba faifan. Buga lsblk -f. In ka ga exfat ko vfat, to ka daina wahalar da kanka. Waɗannan tsarin ba su da inda suke rubuta mai fayil ko izininsa. Linux ne yake laƙaba musu izini duk lokacin da aka jona faifan. Shi ma ntfs a saitinsa na yau da kullum ba ya jin chmod. Maganin yana cikin /etc/fstab: a layin faifan ka sa uid=1000,gid=1000,umask=002. Lambar 1000 ita ce ta mutum na farko da aka buɗe wa asusu a Ubuntu. In kuwa faifan a sabar zai zauna dindindin, kwashe kayanka zuwa wani wuri tukuna, ka tabbatar sun kwafu, sannan ka maida shi ext4.

Na biyu, duba Samba. A saitinta na asali create mask 0744 ne, directory mask 0755. Ma'ana duk sabon fayil mai shi kaɗai ke iya rubutu a kansa. Wannan ce ainihin matsalar abokina. Buɗe rukuni ɗaya, ka sa masa suna iyali, ka saka mutanen gida a ciki. A cikin smb.conf, ƙarƙashin sunan foldar, rubuta:

force group = iyali
force create mode = 0664
force directory mode = 2775
guest ok = no

Sai ka buga sudo systemctl restart smbd. Wannan 2 ɗin na gaban 775 shi ke sa duk abin da aka ƙirƙira a foldar ya gaji rukuninta. Tsofaffin fayilolin kuma ka gyara su sau ɗaya da chgrp -R iyali da chmod -R g+rwX. A nan ne chmod yake da amfani, bayan an toshe inda ruwan ke shigowa.

Na san za a ce "ai gida ne, wa zai shiga?" To mutum nawa ne suke da kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka? Maƙwabci, abokin ƙaninka, baƙon da ya kwana biyu ya tafi. Ba sai mugu ba ma, ɗan yatsan yaro ya isa. Mu masu gyaran waya kullum muna ganin mutum ya zo waya ta mutu, hankalinsa a kwance don ya ce hotunan suna sabar. Ranar da aka duba babu su, ba abin da za ka faɗa masa.

In ba ka san dalilin matsala ba, ka ce ba ka sani ba, ba abin kunya ba ne. Ni ma da bincike na koya.

Kai kuma mai sabar, kafin ka taɓa komai buga ls -l da lsblk -f, ka karanta abin da suka nuna maka. Kuma ka riƙa ajiye kwafi na biyu a wani faifan daban wanda ba a jone yake kullum ba.

Allah ya sa mu dace.