Kafin ku yi wa Wii dariya, ku miƙa wa ƙannenku mata rimot

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Sakkwato, ko a Mabera ne ko Arkilla ko Runjin Sambo, ya san abin da zai tarar. Benci biyu, talbijin uku ko huɗu, fanka tana kaɗa iska mai zafi, samari sun duƙa kowa da abin latsawa a hannu. Wasan kuwa ɗaya ne, ƙwallon ƙafa. Da FIFA ake cewa, yanzu kamfanin ya sauya mata suna zuwa FC, PES ma ta koma eFootball, amma zaman bai sauya ba: mutum biyu na bugawa, goma na ihu a bayansu. Ka ƙirga matan da ke ɗakin. Babu ko ɗaya. Ƙaramin yaro in ya shigo, kallo ne rabonsa, ko a aike shi sayen fiya wata.

Wannan shi muke kira wasan bidiyo a garin nan, kamar babu wani iri bayansa. Ni ma haka na ɗauka, har hutun da ya wuce na je gidan gwaggona, ɗanta ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado ya fito da farar na'ura da ba ta wuce girman littafi ba. Wii ce ta kamfanin Nintendo. Dariya na fara yi, don hotonta ko kusa bai kai na wayar da ke aljihuna ba. Kafin la'asar falon ya cika. 'Yan mata uku, yara biyu na firamare, ni, sai gwaggo da kanta, wadda da farko ta tsaya bakin ƙofa tana cewa, "Wanga abu hauka na, mutum shi tsaya shina dukan iska?" Ba a yi rabin awa ba ta ce, "Ba ni nan in gwada." Ta ci ni wasa biyu a jere, kuma har yau in mun gaisa a waya sai ta tuna min.

Abin da nake son mu yi magana a kai ke nan yau. Ra'ayina shi ne, wasannin da suka yi fice a wannan tsohuwar na'ura sun fi dacewa da gidajenmu fiye da yawancin abin da muke kashe wa kuɗi da data yanzu.

Ga wanda bai san ta ba, Wii ta fito ne a ƙarshen shekarar 2006, lokacin marigayi Satoru Iwata yana shugabancin Nintendo. A lokacin Sony da Microsoft suna tseren wanda zai fi wani kyan hoto da ƙarfin inji. Nintendo ta ƙi shiga tseren, ta fito da na'ura mai rauni da araha, dala 250 a Amurka, alhali PlayStation 3 mafi araha dala 500 ce. Dabarar tana cikin rimot ɗin. Yana jin motsin hannunka, kuma yana da ƙaramar kyamara a goshi da ke gane inda ka nuna a fuskar talbijin. In ka kaɗa shi kamar sanda, ɗan wasanka ya kaɗa. An sayar da Wii sama da miliyan 100 a duniya, ta wuce abokan hamayyarta biyu na wancan zamani. Waɗanda suka saya da yawa ba 'yan gem ba ne: iyaye ne da kakanni da mutanen da ba su taɓa riƙe abin latsawa ba.

Wasan da ya jawo su shi ne Wii Sports, wanda a yawancin ƙasashe yake zuwa cikin kwalin na'urar, shi ya sa adadinsa ya haura miliyan 80. Wasanni biyar ne a ciki: tanis, dambe, golf, wasan sanda da ƙwallo irin na Amurkawa, sai wanda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a ture kwalabe goma. Wannan na ƙarshen shi gwaggo ta ci ni. Ba a koya wa kowa shi. Ka danne maɓalli ɗaya, ka kai hannu baya, ka kawo gaba, ka saki. Shi ke nan. A gidan gem sai ka shafe makonni ana zura maka ƙwallaye kafin yatsunka su haddace maɓallai, kuma wannan wahalar ita ce katangar da ke korar duk wanda ba a fara da shi tun yana yaro ba. A nan babu katangar. Yarinya 'yar shekara takwas tana iya kayar da yayanta ɗan jami'a, kuma ba wai ya bar mata ba ne.

Damben kuwa, mu da muka taso a ƙasar da ake ɗaure hannu da zare a shiga fage, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Rimot a hannu ɗaya, ɗan ƙaramin abokinsa da ake haɗawa da waya a ɗaya hannun, ka kai naushi, ka kauce. Turmi uku ne, kafin ka gama gumi ya jiƙa maka riga. Gaskiya shi ne mafi rashin daidaito a cikin biyar ɗin, wani lokaci ka kai duka na'urar ba ta gane ba. Amma shi ya fi sa mutane dariya.

A 2009 aka fito da Wii Sports Resort, tare da wani ɗan ƙari da ake maƙala wa gindin rimot, MotionPlus, wanda ya sa yake gane juyin wuyan hannu sosai. A wurina wannan ne sarkinsu. Wasanni goma sha biyu, ciki har da harbin kibiya, ƙwallon tebur, ƙwallon kwando, tuƙa kwalekwale da wasan takobi. A harbin kibiya za ka riƙe rimot kamar baka, ka ja ɗaya hannun baya har kunne, ka lura da iska, sannan ka saki. Falon da ake ta hayaniya sai ka ji ya yi tsit. A ƙwallon tebur kuwa kana iya murɗa ƙwallon yadda ake yi a teburin gaske da ke ƙofar shagunan unguwa, teburin da shi ma, in kun lura, maza ne kawai ke zagaye da shi.

Sai Mario Kart Wii na 2008, tseren motoci da babura, wanda aka sayar da fiye da miliyan 37. Mutum huɗu ke bugawa lokaci guda a talbijin ɗaya, kana riƙe rimot a kwance kana juya shi kamar sitiyari. Akwai wata mugunta mai daɗi da aka gina a cikinsa: wanda ke baya shi ake ba makamai masu ƙarfi, wanda ke gaba kuma a ba shi ɓawon ayaba. Kana dab da cin tsere sai wani shuɗin ƙoƙon kunkuru ya taso daga baya ya tarwatsa ka, ƙanwarka ta wuce tana maka gwalo. Ƙwararru sun tsani wannan tsari. Ni kuwa ina ganin shi ne ya sa ba wanda ke tashi daga wasan don ya gaji da shan kashi. Haka New Super Mario Bros. Wii na 2009, inda mutum huɗu ke gudu a fage ɗaya, kuna iya taimakon juna, kuna iya ɗaukar juna ku jefa rami. Yawanci na biyun ake yi.

Kada a ce na manta da masu son wasa mai zurfi na mutum ɗaya. Super Mario Galaxy na 2007 har yau ana saka shi cikin wasannin da suka fi kowanne kyau a tarihi, Mario yana zagaya ƙananan duniyoyi kansa a ƙasa ƙafa a sama, da kiɗan cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Akwai Zelda guda biyu, Twilight Princess da Skyward Sword. 'Yan ƙwallo ma ba a bar su ba: PES ta Wii, tun daga ta 2008, tana ba ka damar nuna ɗan wasan da ba shi da ƙwallo ka ja shi zuwa inda kake so ya ruga, kamar koci a bakin fili. Duk suna da kyau, amma ba su ne hujjata ba.

Hujjata ita ce zafin Sakkwato da kuma waɗanda muke bari a cikin gida. Daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yana wuce 40 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Namiji dai in rana ta yi sanyi zai ɗauki takalmi ya tafi filin unguwa, ko ya yi sammakon gudu wajen filin wasa na Giginya. Ƙanwarsa fa? Daga makaranta sai Islamiyya sai gida, daga gida sai waya. Muna zagin 'yan mata da zaman TikTok, amma ba mu taɓa tambayar wane wuri muka tanadar musu da za su yi tsalle su yi gumi su yi dariya cikin sutura da kwanciyar hankalin iyaye ba. Falon gidansu shi ne wurin, in akwai abin yi a cikinsa. Iyayenmu mata ma da likita ke ce wa su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, nawa ne cikinsu za su fita titi da kayan gudu? Wii Fit, mai zuwa da wani faranti da ake hawa yana auna nauyi da daidaiton tsayuwa, don irinsu aka yi shi.

Sai dai kada in yi muku tallar ƙarya. Masu bincike a Ingila sun auna yara suna buga Wii Sports tun 2007, suka ga ana ƙona kuzari fiye da wasan zaune, amma bai kai yin wasan na gaske ba. An kuma gwada ta a asibitocin waje ga masu shanyewar ɓarin jiki, wani babban gwaji ya nuna ba ta fi sauran wasannin hannu irin su kati amfani ba. To ba magani ba ce, ba kuma za ta maye filin ƙwallo ba. Ta dai fi kwanciya a katifa ana shafa waya har la'asar ta wuce.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Na farko, "Malam, wutar fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana goyon bayana. Wii ba ta cin wuta, wajen wat 20 take ja, kusan ƙwan fitila guda. PlayStation 3 ta farko tana cin ninkin haka sau da yawa. Ƙaramar sola da inbata da ke ɗaukar talbijin za ta ɗauke ta ba tare da ta yi kuka ba. Ba ta neman data, ba ta tallar caca a gefen allo. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya ga yadda "wanda aka ci shi zai biya kuɗin gem" ke rikiɗewa ya zama ajiye kuɗi a kan benci.

Na biyu, kiɗa da rawa. E, akwai Just Dance, wanda ya fara a Wii a 2009 kuma ya yi farin jini har aka ci gaba da fitar da shi a kanta shekara goma. Waƙoƙin Turawa ne, wasu kalmominsu da shigar masu rawar ba abin da za ka kunna a gaban mahaifiyarka ba ne. Ban saka shi cikin waɗanda nake ba da shawara ba, kowane gida ya san iyakarsa. Faifai ne, in ba ka saya ba ba zai shigo da kansa ba, saɓanin abin da waya ke turo wa yara ba tare da an tambaye ta ba. Batun ɓata lokaci kuma gaskiya ne, kuma bai bambanta da na kowane wasa ba. In an kira salla a kashe.

Na uku shi ne mai ƙarfi: na'urar ta mutu. Nintendo ta daina ƙera ta da daɗewa, ta rufe wasa ta intanet a 2014, ta rufe shagonta na cikin na'ura a 2019. Sabuwa ba ta samuwa, sai ta hannu, kuma a kasuwanninmu PlayStation ce ta cika kanta, Wii sai an bincika ko an yi sautu daga Kano ko Legas. Wanda yake da hali yana iya sayen Switch, akwai sabon Sports da ya fito a kanta a 2022. Amma ɗalibi irina da irinku, ta hannun ce daidai aljihunmu, musamman in 'yan gida uku suka haɗa kuɗi.

In za ku saya, ga abin da na koya. Ku duba daga ina ta fito, domin faifan Turai ba ya aiki a na'urar Amurka, haka na Amurka a ta Turai. Ta Turai ta fi mana sauƙi don wutarmu iri ɗaya ce. Ta Amurka cajarta ta wuta 110 ce, in ka soka ta kai tsaye a bango sai dai ka ji ƙauri. Ku sa mai shago ya saka faifai a gabanku, don abin karanta faifan ne ya fi saurin lalacewa. Rimot yana cin batir biyu irin na agogon bango, gara a sayi masu caji. Tana shiga tsohuwar talbijin da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. In siririn sandan da ake ɗorawa a kan talbijin ya ɓace, kyandir biyu da aka kunna a ɗan nesa da juna suna yin aikinsa, don haske kawai rimot ɗin ke nema, amma da yara a ɗaki gara a nemi sandan. Kuma don Allah a ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu. Tun watan farko da fitowarta mutane suka riƙa fasa talbijin da shi, har kamfanin ya sauya igiyoyin da masu kauri.

Ga masu gidajen gem kuma, ina da tambaya. Kuna da talbijin huɗu duk ƙwallo. Me zai hana ɗaya ta zama ta yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu da safiyar Asabar, mutum huɗu a tsere ɗaya, kowa ya biya nasa? Ga 'yan uwa mata masu neman sana'a, me zai hana wata ta buɗe irin wannan a cikin gida, na mata zalla, ko ta riƙa ba da haya ranar suna da walima da yawon salla? Kujeru da kanofi ma haya ake ba da su.

Na koma gidan gwaggo makon jiya don in rama. Na tarar batir ya ƙare, an cire na agogon falo an saka, agogon yana tsaye a kan ƙarfe huɗu da kwata tun ranar Talata.