A Daina Katse Wa Mai Tambaya Layi

Akwai wata magana da masu gabatar da shirye-shiryen dare a wasu gidajen rediyon gida suka ƙware wajen faɗa cikin ladabi: "To mun gode, da alama layin ya samu matsala." Duk wanda ya daɗe yana sauraro ya san lokacin da layi ke samun matsala. In mai kira yana cewa "Malam, Allah ya ƙara basira," ras za ka ji shi har ya gama gaida dangi. Amma bari wata baiwar Allah ta bugo ta ce, "Malam, bara ma ka ce ba za a ga ƙaramar sallah ba, ga shi har mun yi layya, ina aka kwana?" Nan take sabis zai ɗauke.

Ni dai ina bayan wannan baiwar Allah, da duk ire-irenta. Na san sunayen da ake kiran su da shi: 'yan boko, masu raunin imani, marasa kunya masu ja da na gaba. To a kira su duk abin da aka ga dama. A cikin shirin awa guda da baƙo ya cika da labarin aljanu, da ranar tashin duniya, da garin magani mai kashe cuta arba'in, minti ɗayan da aka ba mai tambaya kafin a katse shi ne kaɗai ya amfani jama'a.

Kada wani ya ce mu da ke Deira me ya shafe mu. Ya shafe mu ƙwarai. Dubai na gaban Najeriya da awa uku, shirin ƙarfe goma na dare a Kano ƙarfe ɗaya yake iske mu, daidai lokacin da aka rufe shaguna a Naif da Sabkha, aka gama ɗaure kaya a ofisoshin kargo, kowa ya miƙe da waya a kunne yana jin muryar gida. Kewa ce ke sa mu saurara, ita ce kuma ke sa mu sassauta hankali. Kafin asuba an yanko minti uku mafi tayar da hankali an watsa a zauren WhatsApp na dangi. Da hantsi Hajiya ta kira daga gida tana so a turo kuɗin maganin da aka tallata. Mu ne masu yaɗawa, mu ne kuma masu biya.

Mu fara da masu yanka wa ƙiyama rana. Wannan sana'a ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka an yi wani dattijo, Harold Camping, shugaban gidan rediyon Family Radio, wanda ya ce ya yi lissafi duniya za ta tashi ranar 21 ga Mayu, 2011. Mabiyansa suka kwashe abin da suka tara suka kafa alluna a ƙasashe da dama, har nan Dubai sai da allunan suka iso kafin hukuma ta sa a cire su. Ranar ta zo ta wuce. Ya ce a'a, 21 ga Oktoba ce. Ita ma ta wuce. Alhali tun 1994 ya taɓa yanka wata ranar ta ƙi ci. Abu ɗaya zan yaba masa: a 2012 ya fito ya ce ya yi kuskure. Namu fa? Wa ya taɓa jin ɗayansu ya dawo gidan rediyo ya ce jama'a ku yafe ni? An tsorata mu da 21 ga Disamba, 2012, wai kalandar mutanen Maya ta ƙare. A azumin 2020, muna kulle a ɗaki saboda korona, aka cika wayoyinmu da cewa ranar Juma'a 15 ga Ramadan za a ji wata tsawa da za ta halaka dubbai, alhali malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ruwayar ba ta inganta ba. Muka sha ruwa lafiya ranar, muka yi sahur washegari. Babu wanda ya ce uffan. Sai dai a jira wata shekarar a sake ɗumama tuwon.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce mai tambaya ne imaninsa ke da rauni. Haba jama'a! Yaron da ke aji uku a islamiyya ya san cewa sanin lokacin tashin ƙiyama na Allah ne shi kaɗai, kuma da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (SAW) lokacinta, bai yanka masa rana ba. To tsakanin wanda ya ce ya san ranar da wanda ya ce masa "ina ka samo?", wa ya fi kusa da abin da aka karantar da mu?

Ga wani ma'auni mai sauƙi. Masana taurari sun faɗi cewa ranar 29 ga Maris, 2006 za a yi husufin rana, inuwarsa za ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi. Suka faɗi awa, suka faɗi minti. Haka kuwa aka yi, gari ya yi duhu da rana tsaka. Yanzu ma sun faɗa: ranar 2 ga Agusta, 2027 za a yi wani, zai ratsa ta kan Jidda da Makka. Ku rubuta ku ajiye. Ku kuma rubuta wannan: kafin ranar, sai an samu wanda zai shiga rediyo ya ce duhu a kan Ka'aba alamar ƙarshen duniya ce, ya kuma kawo turaren tsari na sayarwa. Bambancin mai ilimi da mai shaci-faɗi ke nan. Na farko yana faɗar abin da za a iya kama shi da shi in ya kuskure. Na biyu kullum yana da ƙofar baya: "addu'ar bayin Allah ce ta ɗage abin."

Da a kan tsoro kawai abin ya tsaya, da na yi shiru. Amma aikina jinya ne, na san inda maganar rediyo ke ƙarewa: a kan gadon asibiti. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, dare ɗaya aka tashi Najeriya kaf da kiran waya, a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar. Gishiri mai yawa yana janye ruwa daga ƙwayoyin jiki, har na ƙwaƙwalwa, yana kuma ingiza jinin mai hawan jini sama. Ebolar kanta mutum takwas ta kashe a ƙasar baki ɗaya, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne killace masu ciwo da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su, da jarumtar irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai cutar fita daga asibiti a Legas, ta kuma rasa ranta a kai.

Shan inna ya fi wannan ciwo. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 aka dakatar da rigakafi a Kano bisa zargin wai ɗigon yana hana haihuwa. Yaran da cutar ta kama a Najeriya suka tashi daga ɗari biyu da 'yan kai a 2002 zuwa sama da dubu a 2006, ƙwayar ta tsallaka har Yaman da Indonesiya. Sannan ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe aƙalla ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi wani shiri a Wazobia FM da ya sake tono zargin, har hukumar NBC ta dakatar da lasisin gidan. Ban ce shirin ne ya harba bindiga ba. Abin da nake cewa shi ne magana a rediyo ba hirar bakin rijiya ba ce, tana shiga gidan mai hankali, tana shiga gidan wanda ke neman dalili. Sai a 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan, sun girma, wasunsu suna kan kekunan guragu a bakin danja.

Wanda ba ya shiga jarida kuwa ya fi yawa. Dattijuwa mai hawan jini ta ji an ce ƙwayar asibiti "ba ta warkarwa, danne ciwo kawai take," ta ajiye ta koma garin magani. Hawan jini ba ya sallama. Wata uku tana cewa ta ji sauƙi, ranar da zai tashi sai dai a ga baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya a koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, a kan kuɗin ɗan da ke dakon kaya a Murshid Bazaar. Mai ciki ta fara jijjiga, maimakon a ruga da ita asibiti a yi mata allurar da ke tsayar da abin, sai a rufe ta a ɗaki da hayaƙi wai mutanen ɓoye ne suka taɓa ta. Yaro mai farfaɗiya, wanda ƙwaya mai araha za ta iya riƙe shi ya yi karatunsa, a cire shi daga makaranta. Ga kuma 'yar na'urar nan da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, cikin minti biyu kwamfuta ta zayyano masa ciwon hanta da na ƙoda da "sanyi". Wallahi babu na'urar da ke auna hanta ta tafin hannu. Kuma ku lura, duk wanda ya riƙe ƙarfen sai an same shi da ciwo, maganin kuma yana nan a kan teburin mai na'urar.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu maganganun suna da nauyi. Za a ce Trovan fa? Gaskiya ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada magani a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma darasin Trovan shi ne a tambayi kowa: wa ya ba ka izini, ina shaidar gwaji, wa zai ɗauki alhaki? In za mu yi wa Bature wannan tambaya, me ya sa ɗan uwanmu mai jarka a bayan mota zai tsira daga ita?

Za a ce na raina maganin gargajiya. Ko kusa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau daga ganye aka ciro shi, ɗan uwan tazargade, kuma 'yar Chinan da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A Abuja ma cibiyar NIPRD ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin gargajiya. Abin da ya raba su da na rediyo shi ne an auna, an gwada, an san adadin da za a sha da illar da zai iya yi. Za a ce ina musun aljanu. Ban musa abin da Alƙur'ani ya tabbatar ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a yi a hanyar asibiti, mota tana tafiya. Za a ce asibiti tsada, likita ba ya sauraron talaka. Wannan ma gaskiya ne, abin kunya ne gare mu ma'aikatan lafiya da gwamnatocinmu. Sai dai tsadar asibiti ba ta mayar da ƙarya magani.

Mu na nan kuma akwai abin da ya kamata mu sani. Ranar 16 ga Afrilu, 2024, da aka yi ruwan da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949, kafin titunan Deira su tsane har an raba mana fassara biyu: masu cewa azaba ce ta sauka, da masu cewa jirage ne suka haɗa hadarin. Alhali masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi tun kafin ranar, an ce ɗalibai su yi karatu daga gida, hadarin ya fara ɓarna a Oman, cibiyar yanayi ta ƙasar nan kuma ta ce ba ta tura jirgi cikinsa ba. Sannan ƙasar nan tana da dokar yaƙi da jita-jita ta 2021, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda da tarar aƙalla dirhami 100,000 ga mai yaɗa labarin ƙarya ta intanet. "Turo mini aka yi" ba zai fitar da kai ba. Ka sha wahalar biza da kuɗin ɗaki, kada muryar wani da ba ka taɓa gani ba ta mayar da kai gida ba shiri.

Ga masu gidajen rediyo: in fili saye aka yi, ku faɗa a farkon shiri da ƙarshensa cewa talla ce. In baƙo ya yanka rana, ku ajiye muryarsa, ku gayyato shi washegarin ranar ku kunna masa. In ya ce yana warkar da ciwon suga, ku zaunar da likita kusa da shi. Kuna da lasisi, kuna da amanar kunnuwan miliyoyin mutane, yawancinsu mata a cikin gida da ba su da wata kafar.

Ga 'yan uwana masu tambaya kuwa, ku ci gaba da bugawa, amma ku bar izgili. Ranar da ka kira mahaifiyarka jahila a zauren dangi, ka miƙa ta ga mai garin magani, don shi "Hajiyata" yake ce mata. Kira ta gefe. Ka ce, "Umma, wa ya faɗa? A ina ya koya? Abin da ya faɗa bara ya faru? Me yake sayarwa?" Sannan kuɗin da za ka tura na jarka, ka saya mata na'urar awon jini, ka sa ƙanwarka ta riƙa turo maka lambar duk Juma'a. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana iyayenmu da ke gida.