Tabarma Ba Ta Warkar Da Ciwon Baya

Wanda ya ratsa unguwar Jiddari Polo a Maiduguri da hantsi ba zai rasa ganin wani magidanci kwance bisa tabarma a gindin dogon yaro ba. In ka tambaya sai a ce ai daga Ikko ya dawo, baya ya riƙe masa. Ɗan dako ne a Mil 12, ko mai ga-ruwa a Agege, ko mai tura baro a Sabon Badun. Ya bar sana'a, ya kashe ɗan abin da ya tara a kuɗin mota, ya sha jijjigar hanya kwana da yini, sa'an nan ya zo ya shimfiɗe wata guda cur yana jiran sauƙi.

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, wannan kwanciya ita ke tsawaita ciwon. Likitocin da suka yi horo da ita a dā sun bar wannan magana. Naman da ke riƙe da ƙashin baya in bai motsa ba sai ya saki, gaɓoɓi su sandare, ranar da mutum ya koma ɗaukar buhu ciwon ya dawo sabo. Galibin ciwon baya yakan lafa cikin makonni kaɗan idan mutum bai daina zirga-zirga ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020. A jagorar da ta fitar a 2023 kan wanda ya daɗe, ta goyi bayan motsa jiki, ta kuma ce a guji ɗamarar ƙugu da ƙwayoyi masu sa maye, watau dangin tiramol ɗin nan da ya halaka samarinmu da sunan ƙarin ƙarfi.

Ba mu ce a koma dako gobe ba. A huta kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya tsananta, sa'an nan a tashi a taka, minti 10 safe da yamma, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai gadi da direba kada su wuni a kujera ba miƙewa. In an koma aiki a fara da rabin kaya, a lanƙwasa gwiwa, a rungumo kayan jikin ƙirji, kada a murɗa ƙugu. Ɗan tsami a jiki ba abin tsoro ba ne. Wanda ke sauka ƙafa kamar wuta yana ƙaruwa, shi ne na dakatawa. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan dako kuwa, lalle su sama wa mai jinya aiki mara nauyi, don tsoron rasa gurbi ne ke sa wasu haɗiyar ƙwaya su sunkuci buhu.

Amma fa akwai ciwon da tafiya ba ta magani. Idan ƙafa ta mutu, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko ga zazzaɓi da rama, to kada a tsaya wurin mai tausa ko mai ƙaho, kada kuma a kama hanyar gida, domin tarin fuka ma yana cin ƙashin baya. Na Ikko ya nufi asibitin ƙashi na Igbobi a ranar, wanda ya riga ya iso Maiduguri ya tafi Asibitin Koyarwa na Jami'a.